Takardar Fadamar Gidan Uwaisu

A wata 'yar unguwa da ke gefen Gazara, in aka ce gidan takarda ba sai an yi kwatance ba, kowa ya san gidan Uwaisu ake nufi. Kada wani ya ɗauka malamai ne. Manoman rake ne tun kaka da kakanni, kuma duk zuri'ar babu wanda ya taɓa wuce izu biyu a allo. Abin da ya ba su sunan wata tsohuwar gafaka ce, fatarta ta yi baƙi don shan hannu, tana rataye can sama a ɗakin maigida inda gara ba ta kaiwa. A ƙauyen da kowa iyakar gonarsa a ka take, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke cikin gafakar ba yawa gare shi ba. Akwai wasiƙar wani ƙanen Uwaisu da ya tafi Makka a ƙafa, ya aiko ta daga hanya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Akwai sunayen kakanni bakwai a jere. Akwai wata takardar boko mai shuɗin hatimi da aka ba Uwaisu lokacin da aka ɗebe su aikin hanyar jirgin ƙasa, wadda har ya koma ga Allah bai san me ta ce ba. Sai kuma uwar tafiyar, takardar fadama.

Tun kafin zuwan Turawa mahaifin Uwaisu ya yi shari'a da wasu mutane a kan wannan fadama, aka ba shi gaskiya. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Malam Zainulabidin na Hunkuyi, mutumin da tsofaffi ke cewa in ya yi maka rubutun sha sau ɗaya ba ka komawa na biyu. Da hannunsa ya sa iyakoki, daga giginya biyu zuwa bakin rafi, daga tsohon shuri zuwa ɗorawa, ya sa sunan shaidu huɗu. Lokacin ba a ajiye babban littafi a wurin alƙali. Takarda ɗaya ce tak, kuma tana gidan Uwaisu.

Jumare shi ne ɗan Uwaisu, kuma wannan labari a kansa yake. Ya tashi yana ganin ubansa duk shekara bayan kaka ya yi alwala, ya sauko da gafakar, ya shimfiɗa takardun a tabarma su sha iska. Sai ya ɗora yatsa a kan ta fadama ya shiga jero iyakoki da sunayen shaidu kamar mai karatu, alhali wata shekarar ma a kife ya riƙe ta. Babu mai yi masa dariya, don duk unguwar babu wanda ya san a kifen take. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira Jumare ya nuna masa gafakar da haɓa.

"Gida in ya faɗi a gina," in ji shi. "Gona in ta ci wuta ta tsiro. Wannan in ta tafi, ta tafi ke nan."

A lokacin Jumare mutum ne mai baki. In yana saran rake a fadama, masu ɗiban ruwa a rafi suna jiyo dariyarsa. Matarsa ɗaya, Ummulhairi, da 'ya'ya uku: Musa, Sama'ila, da 'yar autarsu Mairama. Yaran nan haƙoransu a kan rake suka yi ƙwari. Duk inda ka ga tarin tuka a bakin hanya, to 'ya'yan Jumare sun zauna a wurin.

Sai shekarar sankarau ta zo, da bazara, ana tsananin zafi. Ciwon ba ya jan rai. Mutum ya tashi da ciwon kai da safe, wuya ya sandare da yamma, gobe a kai shi. Ummulhairi ce ta fara a gidan. Ranar Talata ta ce kanta na sara mata, ranar Laraba aka rufe ta. Jumare ya dawo daga maƙabarta da ƙasa a ƙafarsa, ya tarar da yaran ukun kwance a tabarma ɗaya.

Ya fita neman rubutu. Malamin unguwarsu da shi aka haɗa aka rufe da safen nan. Ya nausa ƙauyen gaba, ya iske mutane cike da ƙofar zauren malaminsu, kowa da ƙoƙo a hannu, alluna duk sun ƙare, tawada ma sai an jira an dafa wata. Ya tsaya har rana ta take. Da ya ga ba za a zo kansa ba sai gobe, ya juyo gida da ƙoƙonsa babu komai.

Da azahar ya shiga ɗaki, idonsa ya faɗa kan gafakar. Kada a ce Jumare ruɗewa ya yi ya zaci Alƙur'ani ne a ciki. Ya san sarai ko mece ce, ya san abin da ubansa ya ce. Amma ya san da sunan Allah ta fara, ya kuma san hannun wanda ya rubuta ta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya yi alwala kamar yadda ya ga ana yi, ya warware takardar a bisa ƙoƙo, ya riƙa zuba ruwa a hankali yana shafawa da yatsa. Tawadar gargajiya ce, gawayi da ƙaro, ba ta yi masa gardama ba. Giginya biyu ta bi ruwa, rafi ya bi, shaidu huɗu suka bi. Ya tallabo kan Musa ya ba shi, ya ba Sama'ila, ya ba Mairama ragowar. Takardar kuwa ya shanya ta a kan zana, da ta bushe ya ninke ta yadda ya same ta, ya mayar cikin 'yan uwanta.

Musa ya cika washegari. Sama'ila ya ƙara kwana biyu ya bi shi. Mairama ta tashi a kwana na tara, ta rame kamar kara, kunnenta na hagu ya daina ji har abada.

Jumare bai yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa yaba tawakkalinsa, ana ba da misali da shi a masallaci. Ni dai ba zan kira shi tawakkali ba. Wani abu ne ya mutu a cikinsa tare da su, aka manta ba a rufe ba. Yana cin abinci in an ba shi, yana salla a kan lokaci, in an gaishe shi ya amsa har ƙarshe. Amma baƙin ciki ma da ya kamata ya ji, ya laluba bai same shi ba. Ko rubutun ne ya ta da Mairama, ko kwananta ne bai ƙare ba, bai sani ba, bai kuma taɓa tambayar kowa ba.

Wata yayarsa ta zo ta ɗauki Mairama ta tafi da ita Kurmin Kogi, can ta girma. An yi masa maganar aure sau da dama, yakan ce to, daga nan shiru, har masu maganar suka gaji. Fadama kuwa aikin mutum ɗaya ba ya riƙe ta, shi kuma ko hanyar ba ya son bi. Sai ya ba maƙwabcinsa Sa'idu aronta, ya koma wata 'yar gonarsa ta tudu yana tsugunawa.

To aron gona a wajen nan yana da ƙa'ida. Duk shekara in an fara sara, mai aro zai ɗauko dami ɗaya na rake a ka, da rana tsaka, ya bi ta tsakiyar unguwa ya sauke a ƙofar mai gona. Ba kuɗin haya ba ne, ba kuma kyauta ba. Don idon mutane ake yi, yaro da babba su gani su san ƙasar ta wane ce. Sa'idu mutumin kirki ne, ya kawo shekarar farko, ya kawo ta biyu. Damin yakan zauna a zaure har ya bushe, ƙarshe a yi makamashi da shi. A shekara ta uku Jumare ya tare shi tun bai sauke ba.

"Sa'idu, ka daina wahalar da kanka. Wa zai sha?"

"Ai ba don sha ba ne, Jumare, ka fi ni sani."

"Ni da kai mun san tawa ce. Ya isa."

Sa'idu ya gyara zaman damin a kansa. Sai ya ce, "Gaskiya ne kuma. Ku da kuke da takarda, me za ku yi da shaidar rake."

Sa'idu ya juya da daminsa, daga ranar bai sake kawowa ba.

Haka shekaru suka yi ta wucewa, har kusan ashirin. Gafakar na nan a rataye, Jumare bai sake sauko da ita ba ko don shan iska. Sunan gidan takarda kuwa bai canja ba. Tsofaffin da suka ga damin Sa'idu yana ratsa unguwa suka yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya, har shi Sa'idun ya bi su. Ɗansa Awwalu, wanda yana goye aka yi aron, ya buɗe ido ya ga ubansa a fadamar, shi ma a ciki ya koyi riƙon fartanya. Da aka shiga yaƙin Turawa sukari ya yi wuya, mazarƙwaila ta yi daraja, Awwalu ya kafa injin matse rake a bakin fadamar, doki na zagayawa da shi tun safe. Har keke ya saya.

A cikin wannan yaƙin ne aka ɗauki mijin Mairama soja, aka tsallaka da su teku, bai dawo ba. Ta gama takaba ta tattaro 'ya'yanta mata biyu ta dawo gidan ubanta. Gonar tudu ta gaji, abin da take bayarwa tsoho ɗaya yake ciyarwa, shi ma da dabara. Damina ɗaya suka yi Mairama ta gane ba za su kai wata ba a haka. Ran nan tana tankaɗe ta juyo masa da kunnenta mai ji.

"Baba, fadamar nan fa? Inna ta Kurmin Kogi ta ce aro aka bayar."

"Aro ne."

"To a karɓo mana. Ko rabi ne, in sa a noma, yaran nan su samu abin kaiwa baki."

Ya ce to, irin to ɗin nan nasa. Amma Mairama ba ta cikin masu gajiya. Bayan kwana uku ya saka hularsa ya tafi wurin injin. Awwalu ya taso da sauri ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da jikoki da gajiya. Da Jumare ya faɗi abin da ya kawo shi, saurayin ya dubi dokin da ke zagaye.

"Baba, wallahi ban taɓa jin wannan magana ba. Mahaifina bai ce mini aro ba ce. Ba kuma na ƙaryata ka. An ce kuna da takarda, a kawo ta a karanta. In ta ce taku ce, ni da kaina zan kwance injin nan."

Ba za a ce Awwalu ya yi rashin kunya ba, iyakar abin da ya sani ya faɗa. Dagaci ya tara dattawa, aka rasa mutum biyu da za su ce sun ga dami da idonsu. Wannan ya ce kamar ya ji, wancan ya ce lokacin yana ci-rani. Kowa dai bakinsa ɗaya: abin ai mai sauƙi ne, a je gaban alƙali a Makarfi da takarda. Mairama ta wanke masa rigarsa ta Juma'a, ta goge gafakar da man shanu har tana ƙyalli.

Mutum zai ce me ya hana shi faɗa mata. Ya buɗe baki sau biyu, ya ga fuskarta, ya rufe. Ban da haka akwai wani ɗan zato da ya riƙe. Ya san allo ko an wanke shi inuwar rubutu tana zama a jikin itacen, har mai ido ya iya gane abin da aka taɓa rubutawa. Sai ya ce a ransa wataƙila takarda ma haka take, wataƙila mai ilimi in ya duba zai ga sawun alƙalamin Malam Zainulabidin. Shi ya sa bai buɗe ta ba ko a daren tafiya. Da sassafe ya rataya gafaka ya kama hanya a ƙafa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka kira su, Jumare ya zauna a gaban alƙali, Awwalu a gefensa, ya miƙa gafakar ga muhuti, wato magatakardan kotu. Muhuti ya riƙa zaro takardun ɗaya ɗaya. Ya karanta wasiƙar mai tafiya Makka, yana gaida kowa yana cewa ƙafarsa ta kumbura amma da sauƙi. Ya karanta sunayen kakanni bakwai. Ya ɗaga ta bokon, hatiminta shar kamar jiya aka buga, ya ce wannan cewa ta yi Uwaisu ya yi aiki kwana arba'in an sallame shi. Sannan ya warware ta ƙarshe.

Ta yi tamoji-tamoji, launinta kamar toka. Muhuti ya juya bayanta, ya sake juyowa. Ya tashi ya je bakin ƙofa ya ɗaga ta ga rana, ya daɗe yana dubawa. Jumare yana kallon bayansa, yana jiran ya ji ƙirjinsa ya buga, bai ji komai ba.

"Allah ya gafarta Malam, babu rubutu a jikinta," in ji muhuti.

Alƙali ya karɓa ya duba da kansa. Dattijo ne, ya ga irin wannan launi a ƙasan ƙoƙo ba sau ɗaya ba. Ya dubi Jumare.

"Wanke ta aka yi?"

"Ni na wanke ta, Allah ya gafarta Malam. Shekarar sankarau."

"Ka san ko mece ce ka wanke?"

"Na sani."

Ya ba da labarin a taƙaice, da muryar da mutum ke faɗin kwanan wata. Awwalu ya sunkuyar da kai. Alƙali ya tambaya ko ya riƙe abin da ke ciki, Jumare ya jero masa tiryan-tiryan, daga giginya biyu har sunan shaidu huɗu. Alƙali ya ce iyakokin nan duk mai kiwon akuya a Gazara zai iya jero su, shaidun kuma duk suna ƙasa. Ya tambayi damin aro, yaushe rabon da a kawo.

"Shekara goma sha bakwai. Ni na hana."

"Don me?"

"Babu mai sha."

Alƙali ya tausaya masa. Amma shari'a ba da tausayi ake yanke ta ba. Mai ƙara ba shi da shaida, wanda ake ƙara kuwa shi da ubansa sun riƙe ƙasa shekara ashirin a gaban idon mai ƙara ba a ce musu kanzil ba. Aka ba Awwalu rantsuwa, ya yi alwala ya rantse cewa bai san fadamar da wani mai ita ba sai mahaifinsa. Gaskiya ya rantse a kai. Aka bar masa. Jumare yana mayar da takardun cikin gafaka alƙali ya sake magana, a hankali.

"Waɗanda suka sha fa?"

"Biyu sun rasu. Ɗaya tana gida."

"Allah ya jiƙan su."

"Amin," in ji Jumare, ya rataya gafakarsa.

Sai bayan la'asar ya iso gida. Mai keke ya riga shi, labari ma ya riga shi. A tsakar gida ya tarar da jikokinsa zaune cikin tuka, kowacce da guntun rake a hannu, ruwan na bin haɓarsu. Dami ne guda Awwalu ya kawo. Ta bayan danga ya miƙo shi, bai bi ta tsakiyar unguwa ba, don kada wani ya gani ya ce shaidar aro ce. Jumare ya gane haka da kallo ɗaya, bai kuma ga laifinsa ba.

Mairama ta kawo masa ruwa ta durƙusa. Ta yi masa sannu da hanya, ta bari ya sha ya ajiye ƙoƙon. Sannan ta matso da kunnenta na dama.

"Baba, an ce wanke ta ka yi."

"Haka ne."

"Ni na sha?"

"Ku uku kuka sha. Ke ragowar ma kika samu."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Hawaye na zuba, ba ta share ba, shi kuma yana kallonta yana jin abin daga nesa, kamar kukan da ake yi a wata unguwa. Ta ce da ya faɗa mata, da ba ta tura shi ya je ya tsaya gaban mutane ba. Ya ce ai ba kome, dama takardun sun daɗe ba su sha iska ba. Ta tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya yi tunani sosai, don ba ya son ya yi mata ƙarya.

"Ban sani ba, Mairama. Da za a mayar da ni ranar, wankewa zan sake yi. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ya sauke gafakar daga kafaɗarsa, ya zaro takardar nan mai launin toka, ya miƙa mata da hannu biyu kamar yadda ubansa yake riƙe ta.

"Ungo. Rubutun yana wurinki shekara ashirin. Ki haɗa da takardar, abin da zan bar miki ke nan."

Ta karɓa. Ƙaramar jikar ta taso da hannunta mai danƙon rake tana son ta taɓa, uwar ta ɗaga takardar sama ta ce ta je ta wanke hannu tukuna. Jumare ya miƙe ya tafi ɗaure akuya.